Wa Zai Auri Jahila? Tambayar Hajiya Balaraba Gare Mu Mazauna Kurmi

'Yan uwana mazauna Kurmi, na Sabon Ibadan da Agege da Idi-Araba da Sabon Shagamu da Ama Hausa ta Owerri, da duk inda neman halali ya kai Bahaushe, barkanmu da war haka. Ya kasuwa, ya kuma haƙuri da kewar gida?

Yau zancen wata marubuciya na kawo mana, wato Hajiya Balaraba Ramat Yakubu. Na san akwai waɗanda da jin an ambaci littafin Hausa za su yamutsa fuska, su ce ai littattafan soyayya ne, na 'yan mata da matan da ba su da aikin yi. To a yi haƙuri a saurare ni zuwa ƙarshe. Ra'ayina shi ne, babu al'ummar da ta kai mu bukatar sanin tarihin wannan baiwar Allah da karanta abin da ta rubuta, domin kuwa abin da aka yi mata tana yarinya a Kano fiye da shekara 50 da suka wuce, shi muke yi wa 'ya'yanmu mata a zango har gobe, kuma muna yin sa ne a inda illarsa ta fi tsanani.

Wace ce Balaraba?

An haife ta a birnin Kano a 1959. Ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar nan da aka kashe a Legas ran 13 ga Fabrairu, 1976, wanda hotonsa ke jikin naira 20, kuma filin jirgin sama na Ikeja ke amsa sunansa. Ba ta wuce shekara 13 ba aka cire ta daga firamare aka aurar da ita ga mutumin da ya isa ya haife ta. Auren bai cika shekara biyu ba ya mutu, ta dawo gaban iyayenta tana ƙaramar bazawara, ba ta da wani karatun kirki a ka.

Kamar yadda ta sha bayyanawa a hirarrakin da aka yi da ita, sai ta nemi izinin zuwa koyon ɗinki da saƙa, alhali kuwa ajin yaƙi da jahilci take zuwa, mahaifiyarta ce ta san sirrin take kuma rufa mata asiri. A wannan aji ta ƙware a karatu da rubutun Hausa, ta kuma sha faɗin cewa rashin samun zurfin boko ne ya sa take rubutu da harshenta.

Mai karatu, ka tsaya ka dubi wannan wuri da kyau. A lokacin da aka cire ta daga makaranta, yayanta babban hafsan soja ne da duk Nijeriya ta san da zamansa. Gidansu ba gidan da aka rasa kuɗin littafi ko na alli ba ne. Idan har al'ada ta iya fizge ƙanwar Murtala daga aji, ina ga 'yar mai tura baro a Bodija ko 'yar mai yankan farce a Agege? Wannan ya nuna mana cewa ba kullum talauci ne ke hana 'ya mace karatu ba, sau da yawa ra'ayin uba ne da tsoron bakin mutane.

Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, kuma a kan namiji mai auri-saki ta gina shi. A 1990 ta fitar da guda biyu da suka fi ɗaukaka sunanta, wato Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Daga baya wasu suka biyo, irin su Wane Kare Ne Ba Bare Ba? da Ina Son Sa Haka da Matar Uba Jaraba. Tana cikin jigogin ƙungiyar marubuta ta Raina Kama a Kano, tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, da Ɗan Azumi Baba Cheɗiyar 'Yan Gurasa. A 1998 aka mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim. A 2012 kuma wani kamfanin ɗab'i na ƙasar Indiya mai suna Blaft ya buga fassararsa da Turanci, wadda Malam Aliyu Kamal ya yi, kuma ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta rubuta aka fassara shi gaba ɗaya zuwa Turanci. Fim ɗin da ta rubuta mai suna Juyin Sarauta ya ci kyaututtuka a bikin fina-finai na Zuma a Abuja a 2017. Duk wannan daga yarinyar da sai da ta fake da saƙa kafin ta samu ta riƙe fensir.

Da "adabin kasuwa" aka so a zage su

Kafin zamaninsu, littafin Hausa harka ce ta hukuma. Gasar da aka shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na namu na Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukkansu maza ne, kuma makaranta aka nufa da littattafan. Sai a 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed. Ana cikin haka tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya. A daidai lokacin kuma yaran da suka shiga firamare ƙarƙashin shirin ilimi kyauta na 1976 sun zama samari da 'yan mata, ga kuma hukumar ilimin manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980 tana yaye masu karatu. Wato ga masu saye birjik, babu haja.

Abin da su Balaraba suka yi shi ne abin da kowane ɗan kasuwa mai ido zai yi. Suka rubuta da kansu, suka kai ƙananan maɗaba'u da kuɗin aljihunsu, suka zuba a kasuwar Sabon Gari da tashoshin mota, 'yan sari suka ɗauka zuwa Azare da Gusau da Maraɗi, direbobi suka gangaro da su har nan Kurmi. Wasu masana, musamman Malam Ibrahim Malumfashi, suka laƙaba musu suna "Adabin Kasuwar Kano", ana nufin kayan yayi ne marasa nauyi. Wasu kuma irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka tsaya musu, aka daɗe ana tafka muhawara a jaridu.

Ni dai ɗan kasuwa ne, ɗan ɗan kasuwa. Mahaifina daga Disina ta ƙaramar hukumar Shira ya taso, wake da gero yake saro wa daga kasuwannin ƙasar Katagum yana kawowa Ibadan tun ban san kaina ba. Saboda haka a kunnena kalmar kasuwa ba zagi ba ce. A kasuwa ake gane gaskiyar kaya. Littafin da aka tilasta wa ɗalibi saye don jarabawa, ba a san ko ana son sa ba. Amma wanda matar aure za ta rage kuɗin cefane ta saya, ko ta biya kuɗin haya ta karanta cikin kwana biyu ta mayar, wannan babu shakka ya taɓa mata wani wuri a zuciya. Littafin da ya shekara 30 da ɗoriya ana neman sa kuma, ai ya wuce a kira shi yayi.

Me ke cikin littattafan?

Masu sukar da yawa ba su taɓa buɗe ko ɗaya ba, don haka bari in ɗan gutsura mana biyu.

A Wa Zai Auri Jahila? akwai yarinya mai suna Abu, wadda mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Saurayin da aka sa ran zai aure ta, da ya yi karatu ya waye, sai ya ce shi ba zai auri jahila ba. Aka ɗauke ta aka ba wani dattijo, Sarkin Noma. Da wahala ta ishe ta sai ta gudu Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu har ta tsaya da ƙafafunta. Abin lura a nan shi ne, mu maza mu ne muka hana ta karatun, mu ne kuma muka dawo muna yi mata gorin jahilci. Ku duba zangonmu ku gani ko ba haka muke yi ba. Saurayi zai cire ƙanwarsa daga aji ya ɗora mata farantin talla, amma in ya tashi neman aure sai ka ji yana cewa shi mai sakandare yake so, wadda za ta iya duba wa yara aikin gida.

Alhaki Kuykuyo Ne kuwa kamar don mu 'yan kasuwa aka rubuta shi. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne, matarsa Rabi na da 'ya'ya tara, amma cefanen kirki ya gagara, kuɗin na tafiya wajen wata mai suna Delu. Ya aure ta, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe yaran, ta ci gaba da karatunsu, har 'yarta Saudatu ta yi aure na mutunci. Shi kuma gobara ta cinye masa shago, Delu ta juya masa baya, ya wayi gari ba tsuntsu ba tarko. Daga ƙarshe dangi suka taru a kan Rabi sai ta koma. Akwai masu karatu da yawa da wannan ƙarshe bai yi musu daɗi ba, suna ganin an cuci Rabi sau biyu. A nawa ganin marubuciyar ta faɗi abin da ke faruwa ne a gidajenmu ba tare da ta shafa masa zuma ba, ta bar wa mai karatu ya yi hukunci.

To jama'a, ina batsa a nan? Ina lalata tarbiyya? Abin da ke ciki shi ne haƙƙin ciyarwa, da haƙƙin 'ya'ya, da sakamakon zalunci, abubuwan da malamai ke faɗa a kan mumbari kowace Juma'a. Bambancin kawai shi ne, wannan karon mace ce ta faɗa, daga cikin ɗaki, da muryar wadda abin ya faɗa wa. Ina jin abin da ya yi wa wasunmu zafi ke nan, don laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Dalilin da ya sa abin ya fi shafar mu

A Disina, idan aka saki mace ko mijinta ya rasu, akwai gidan uba, akwai kawu da baffa, akwai gonar gado, ko ba komai ba za ta kwana da yunwa ba. A zango fa? Ɗakin haya ne, mai gida ba ya jin Hausa, dangi na nesa da tafiyar yini da kwana a mota. Dukiyar kasuwa kuma kowa ya san ba ta da tabbas. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, inda aka ƙona shaguna da gidaje, mutane suka kwashi iyali suka bar gari, ya san gobarar Alhaji Abdu ba tatsuniya ba ce. Ran da irin wannan ta faru, abin da ke kan mace da abin da hannunta ya iya su ne kaɗai ba sa ƙonewa.

Ko ba a kai ga masifa ba, ku dubi zaman yau da kullum. Matarka za ta je awon ciki, takarda da Turanci, ma'aikaciya da Yarbanci ko Ibo, sai an nemo yaron maƙwabta ya yi tafinta a kan abin da ko ƙanwarta ba ta so ta ji. Muna ƙorafin babu mace Bahaushiya a asibitin da za ta duba mana iyali, alhali Sabon Ibadan ya haura shekara 100 da kafuwa. Daga ina za ta fito in duk wadda ta kai aji shida mun cire ta?

Sannan ga maganar harshe. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Hausa a baki, amma a makaranta Turanci da harshen masu gari ake koya musu. Da yawa in ka miƙa musu takardar Hausa sai su yi ta in'ina. A gidanmu abin da ya tsare mu daga wannan shi ne littattafan nan da ake rainawa. Yayata iyakarta aji shida aka yi mata aure, amma ta riƙe karatun Hausa saboda direbobin da ke kawo wa Baba kaya sukan zo da littattafai daga Kano, matan layinmu na karɓa-karɓa da su har bango ya cire a ɗinke da zare. Da daddare ita ke karanta wa Inna da abokiyar zamanta, mu yara muna gefe muna saurare, a nan ni ma na fara haɗa baƙi. Yau tana sayar da kayan miya a cikin gida, kuma duk wanda ya ci bashi yana cikin littafinta da rubutun hannunta, babu mai yi mata kwana. Ba wata hukuma da ta yi mata wannan, marubutan kasuwar Kano ne.

Masu suka ma suna da abin faɗa

Ba zan ce duk abin da aka buga da Hausa alheri ne ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Tun a wancan lokaci akwai littattafan da ba su da komai sai kwaikwayon finafinan Indiya da zancen motoci da leshi. Yanzu kuma da abin ya koma waya, akwai rubuce-rubucen da ke yawo a WhatsApp da Facebook waɗanda batsa ce tsagwaronta, babu mai tacewa, kuma yarinya na iya karantawa a ƙarƙashin bargo ba wanda ya sani. Uban da ya damu da wannan yana da gaskiya.

Sai dai maganin ba shi ne a haɗa kowa a yi masa kuɗin goro ba. A 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ƙona littattafan Hausa da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata a Kano. Shin karatun labari ya tsaya? Bai tsaya ba, bayan 'yan shekaru ma sai ya koma inda ashana ba ta kaiwa. Yarinyar da ta saba da littafi mai ma'ana ita ke iya gane na banza in ta gan shi, kamar yadda wanda ya saba da wake mai kyau ba a sayar masa da mai ƙwari. Wadda aka hana komai kuwa, duk abin da ya faɗo wayarta shi za ta haɗiye.

Wasu kuma za su ce ai wannan ra'ayin Turawa ne, tunda ga shi har sun fassara ta. To ai shekara 22 littafin ya yi a hannun matan Hausawa kafin a fassara shi, kuma ba a Ingila ko Amurka aka buga fassarar ba. Ban da haka, neman ilimin mace ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru, tana tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Hajiya Balaraba ba ta ce a bar aure ba, ba ta ce a bar addini ba. Cewa ta yi a bar zalunci, a kuma bar yarinya ta san hagu da dama kafin a ɗora mata gida.

Abin da nake ba da shawara

Na farko, duk mai 'ya a makaranta ya daure ya bar ta ta kammala sakandare. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ma ta wajabta shekara tara na farko a kan kowane yaro, mace ko namiji. Ribar tallan gyaɗa ta shekara uku ba ta kai kuɗin buhun wake nawa ba, mu da muke lissafi kullum mun sani. In tsoron lalacewa ne, ai bakin tasha da gareji inda muke tura su talla sun fi aji haɗari nesa ba kusa ba.

Na biyu, shugabannin zango da na ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu su dubi yiwuwar buɗe ajin yamma na matan aure da zawarawa, ko a makarantar Islamiyyar unguwa ne bayan an tashi yara. Malama ɗaya da allo ɗaya sun isa a fara. Irin wannan aji ne ya fitar da marubuciyar da muke magana a kanta, kuma bai kamata a ce har yau sai mace ta ɓoye kafin ta shiga ba.

Na uku, motocinmu na zuwa Kano da Azare kowane mako. A cikin kuɗin da muke tarawa na ƙungiya, me zai hana a sa direba ya taho da katan ɗaya na littattafan Hausa, a ajiye a ofis ana ba da aro? A haɗa da Magana Jari Ce da Shaihu Umar da na su Hajiya Balaraba da Gidan Dabino. Wanda ke shakka ya fara karantawa da kansa kafin ya kai gida, wanda bai iya ba ya sa a karanta masa.

Na huɗu kuma gare mu ne samari. Kafin ka ce ba za ka auri jahila ba, ka waiwaya ka ga ƙanwarka tana ina da ƙarfe goma na safe. In tana bakin titi da faranti, to ka sani wani saurayin na nan zai faɗa mata abin da kake faɗa wa 'yar wani.

Ina sauraron ra'ayoyinku, musamman iyayenmu mata da yayyenmu da suka karanta waɗannan littattafai tun suna sababbi, da ma waɗanda ke ganin na yi son kai. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya ƙara wa Hajiya Balaraba lafiya da nisan kwana, Ya jiƙan Janar Murtala, Ya shirya mana zuri'a, Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya kuma mayar da kowa gida lafiya.

Wassalam. Naku, ɗan Disina mazaunin Sabon Ibadan.